Kuɗin Tara: Me Yaron Sheme Ke Ci Kafin Ya Dawo Gida?

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Sheme da kewaye, da na Faskari, da Ƙanƙara, da Sabuwa, da duk inda muryar nan ta iso.

Shirin yau a kan cikin yaro yake, wato abin da ke shiga cikinsa tsakanin fitarsa da safe da dawowarsa da azahar. Za a fara daga bakin makaranta. Sannan a leƙa cikin kwalba da leda, a ga me aka zuba a ciki. Daga nan a dawo gida wajen uwa da uba da kaka, a ga yadda ake jan ra'ayin yaro zuwa abinci mai amfani ba tare da bulala ba. Wanda ke kusa da rediyo ya ƙara murya. Uwargida, a matso kusa.

To, ga mu a bakin makaranta.

An kaɗa ƙararrawar tara. Yara sun fito a guje, ƙura ta tashi. A gindin darbejiya masu talla sun jeru. Daga wannan ɓangare akwai ƙosai da zafinsa, da awara an barbaɗa mata yaji, da dafaffiyar gyaɗa, da dankalin Hausa, da kwaɗon zogale a roba, da gwaiba a faranti. Daga ɗaya ɓangaren kuma tebur ne: biskit, minti, cingam, alawa mai sanda wadda ke rina harshe ya koma shuɗi, ƙanƙarar leda ja da koriya, da wani abu mai ƙaras-ƙaras a leda mai ƙyalli, wanda ke barin launi a yatsu.

Ga yaro ɗan shekara bakwai, ɗan aji biyu. Ya dunƙule naira 200 a hannu tun daga gida, har takardar ta jiƙe da gumi. Ya dubi ƙosai. Ya dubi teburin ƙyalli. Abokinsa ya zaro masa shuɗin harshe yana dariya. Shi ke nan, an gama. Ya sayi alawa da ƙanƙara, canjin kuma ya tafi a biskit.

Kafin sha ɗaya ya soma hamma. Malam na rubutu a allo, shi kuwa ya kifa kai a benci. A hanyar gida ya sake tsotsar alawar da ya rage. Da aka ajiye masa kwanon dambu sai ya tura shi gefe: "Inna, na ƙoshi."

Bai ƙoshi ba. Zaƙi ne ya kashe masa baki.

Kada a yi saurin cewa yaron nan ba shi da wayo. Da son zaƙi ake haihuwar ɗan Adam, shi kansa nonon uwa yana da ɗan zaƙi. Kamfanonin da ke yin waɗannan kaya sun san haka sarai. Sun san launin da ke ɗaukar idon yaro. Sun san hoton da za su manna a leda. Sun ƙulla abin ƙanana-ƙanana daidai da kuɗin da ke hannunsa. Manya ne masu ilimi suka zauna suka tsara, ɗan shekara bakwai kuma shi kaɗai aka bari ya yanke shawara.

Abin da ke da ciwo a nan shi ne wurin da abin ke faruwa. Sheme tana bakin titin Funtuwa zuwa Gusau, inda hanyar Ƙanƙara ta ɓalle, a tsakiyar yankin da ke ciyar da jihar Katsina. Masara da dawa da wake da waken suya a nan ake noma su. Ana noman rani a kewayen madatsar ruwa ta Mairuwa. Kasuwar dabbobi ta Sheme sananniya ce. Manyan motoci na fita da buhunan hatsi zuwa Funtuwa da Dandume da ma Kudu, wasu motocin kuma na shigowa da katan-katan na biskit da lemo. Abin da ke gina jikin yaro yana fita, abin da ke rage masa cin abinci yana shigowa.

Yanzu sai kashi na biyu: me ke cikin kwalbar, me ke cikin ledar?

Malaman lafiya sun raba aikin abinci gida uku. A saurara da kyau, don za a riƙa komawa kansu. Akwai mai ba da ƙarfi, irin su gero, dawa, masara, shinkafa, rogo da mai. Akwai mai gina jiki, wanda ake kira furotin: wake, waken suya, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi, nama, har da fara. Sai mai kare jiki daga cuta, wato ganye da 'ya'yan itatuwa, irin su zogale, rama, alayyahu, kabewa, gwanda da mangwaro. Mai ba da ƙarfi, mai gina jiki, mai kare jiki.

Kayan kwalam da maƙulashe na leda ɗan guntun aiki na farko kawai suke yi. Fulawa ce da sukari da mai da gishiri da kala. Ƙarfin da suke bayarwa wutar kara ce, ta tashi bal-bal, kafin a juya ta mutu. Shi ya sa yaron nan ya kifa kai a benci.

A ɗauki lemon kwalba. Robar rabin lita ta lemo mai gas, irin wadda aka fi sha, tana ɗauke da sukari wajen giram 50, wani ma ya fi. Idan aka auna da ƙaramin cokalin shayi, cokali 12 ke nan ko 13. Ku tsaya ku ƙiyasta. Wace uwa ce za ta zuba cokali 12 na sukari a kofin koko guda ta miƙa wa ɗanta? Babu. Amma a roba ana miƙa masa, har a ce an yi masa gata.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a kan sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha. Ta ce kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini, kuma in an rage shi ya koma ƙasa da kashi 5, ya fi. Kashi 5 ɗin nan ga babban mutum wajen cokali 6 ne. Babba ke nan. Roba guda ta ninka wannan, kuma cikin yaro take shiga. Farkon inda abin ke bayyana shi ne haƙori. Ƙwayoyin cuta da ke baki suna cin sukarin, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa cin haƙori har ya yi kogo. Alawar da ake daɗewa ana tsotsa ta fi ɓarna, domin haƙori na jiƙe da zaƙi tsawon lokaci.

Sai taliyar leda, wadda kowa ke kira indomi ko da wane kamfani ne ya yi ta. Ita indomi asalinta daga Indunisiya ta zo, aka kafa masana'antarta a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990. Yau Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi cin irin wannan taliya a duniya, ana cin kusan ƙulli biliyan 3 a shekara. Ba abin mamaki ba ne. Tana dahuwa cikin minti kaɗan, ba ta cin itace, yara na son ta. Uwar da ta gaji ba ta yi laifi ba don ta dafa. Sai dai a san abin da aka dafa: fulawa ce da aka soya a mai, da ƙullin ɗanɗano mai gishiri da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali guda, na yaro kuma ƙasa da haka. Yawan gishiri shi ne abokin hawan jini, kuma harshen da ya saba da shi tun yarinta da wuya ya saki. In za a dafa, a sa rabin ƙullin ɗanɗanon. A fasa ƙwai. A yanka kabeji ko alayyahu, ko a watsa dafaffen zogale. Kuma kada ta zama abincin kullum.

Batun ƙanƙarar leda da lemon da ake haɗawa da gari kuwa, ya wuce maganar sukari. Mutanen Kano ba su manta da watan Maris na 2021 ba. Jama'a suka riƙa zuwa asibiti da amai da fitsarin jini, ɗaruruwa suka kwanta, wasu suka rasu. Bincike ya kai ga garin lemo da ya lalace, da wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Hukumar NAFDAC ta shiga kasuwanni ta kwashe kaya. Duk wani abin sha mai kala da ba a san wanda ya haɗa shi ba, ba a san da wane ruwa aka haɗa ba, bai kamata ya shiga bakin yaro ba. Abin da ke cikin leda kuma, a juya bayansa a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In iyaye ba sa karatun boko, yayan da ke aji shida zai iya. A ba shi wannan aiki, zai ji daɗin an girmama shi.

Masu saurare, mun iso kashi na uku. Wani a can yana cewa: "Ku kuna maganar zaɓi. Mu da muke neman abin da za mu sa a tukunya?"

Maganarsa gaskiya ce, kuma ba za a tsallake ta ba. Yankin nan ya ga tashin hankali. 'Yan bindiga sun raba mutane da gonakinsu, sun kore shanu, ƙauyuka sun watse zuwa cikin gari. A 2021 har sai da gwamnatin jiha ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama. Tun kafin nan ma, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna wajen yara shida cikin goma 'yan ƙasa da shekara biyar a jihar Katsina sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba saboda daɗewar rashin abinci mai gina jiki. A Najeriya baki ɗaya, binciken ya ce kusan yara bakwai cikin goma na da ƙarancin jini. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aikin tamowa a Katsina tun 2021, ta ce yara fiye da 650 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar cikin wata shida na farkon 2025.

To, wannan shi ne ma dalilin shirin. Inda kuɗi ya yi kaɗan, nan ne kowace naira ke da nauyi. Mai hali in ɗansa ya sha lemo, da dare akwai nama da ƙwai da za su cike gurbin. Talaka in naira 200 ɗin nan ta tafi a alawa, ta tafi ke nan. Da ƙosai aka saya, da wake ya shiga jikin yaro. Da awara aka saya, da waken suya ya shiga. Cikin yaro ƙarami ne, kuɗin kuma kaɗan ne. Abin da ya riga shiga shi ke tare wuri.

Akwai abin da masana ke kira ɓoyayyiyar yunwa. Ciki a cike, jiki kuma na jin yunwar wasu sinadarai da ido ba ya gani. Rashin sinadarin ƙarfe, wanda jini ke buƙata, yana sa yaro kasala da rashin riƙe karatu. Ku ja fatar idonsa ta ƙasa, za ku ga ta yi fari. Rashin bitamin A yana kawo dundumi, yaro ya riƙa lalube da magariba, kuma yana sa ƙyanda da gudawa su fi yi masa illa. Rashin aidin yana kawo maƙoƙo, yana kuma rage kaifin ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake zuba aidin a gishirin leda. Yaron da ke rayuwa a kan biskit da farar shinkafa da mai da yaji zai iya yin kumatu, a ce ya yi kyau, alhali jininsa bai kai ba.

A can gaba kuma wata matsalar na jira. A watan Satumba na 2025, asusun UNICEF ya sanar cewa a karon farko, a faɗin duniya, yara 'yan makaranta masu ƙiba fiye da kima sun fi masu rama yawa: yaro ɗaya cikin goma, wajen miliyan 188. Yankinmu na Afirka bai kai nan ba tukuna. Amma ciwon suga da hawan jini, waɗanda a da ake cewa na masu kuɗin birni ne, yanzu duk wanda ke zuwa asibitin Funtuwa ko na Ƙanƙara ya san sun shigo karkara.

Yanzu a shiga gida. Wannan kashi na huɗu shi ne zuciyar shirin, don haka mai aiki ya ɗan dakata.

Abu na farko, kada yaro ya fita da wofin ciki. Yaron da ya karya kumallo yana iya wuce teburin alawa. Wanda ya fito da yunwa ba zai iya ba. Ɗumamen tuwo da miyar kuka ya wadatar. Koko da ƙosai ya wadatar. Akwai kuma garin kunun da ma'aikatan lafiya ke koya wa mata, mai sauƙin riƙewa: awo shida na gero ko dawa ko masara, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa. Shida, uku, ɗaya. A jiƙa waken suya, a cire ɓawonsa, a shanya. A soya kowanne daban sama-sama, a haɗa a kai niƙa. Garin na daɗewa in an rufe shi a busasshen wuri, kuma da safe minti kaɗan ne an dama. Duk kayan nan a gonakin Faskari da Sabuwa suke fitowa.

Sannan kuɗin tara. Ba dole ne a hana ba. Amma a raba shi biyu, rabi ya zama abinci. A ƙulla wa yaro gyaɗa ko aya ko ƙuli-ƙuli ko dafaffen dankali. A cika masa gora da ruwa mai tsabta. In kuɗi za a ba shi, a faɗa masa abin da zai saya da suna: "Ka sayi awara wajen mai awara, in ka dawo ka gaya min ko ta yi daɗi." Wasu iyaye ma sukan shirya da mai ƙosai ta unguwarsu, su biya na mako, yaro ya je ya karɓa. Ita ta samu ciniki tabbatacce, shi ya samu abinci.

To, yaron da ke cewa ba ya cin ganye fa? A nan ne iyaye da yawa ke karaya. An ba shi kwaɗon rama sau ɗaya ya tofar, an sake ba shi ya kau da kai, sai a ce ai shi ba ya ci. Masu binciken cin abincin yara sun gano cewa sau da yawa sai an gabatar wa yaro sabon abinci sau takwas, sau goma, wani ma fiye, kafin harshensa ya karɓa. Don haka a ci gaba da sa masa loma guda a gefen kwano. Ba duka, ba tsawa, ba ɗure. Ɗure na sa yaro ya tsani abincin har girmansa, ga haɗarin ƙwarewa. Yau ya taɓa. Gobe ya lasa. Wata rana sai a ga kwanon ya koma wayam.

A kuma sa hannunsa a aikin. Ga misali a tsakar gida da la'asar. Uwa ta ce: "Zo nan, auta, tsinko min zogale." Yarinya ta zauna a tabarma tana zage ganyen daga tsinke, tana tarawa a ƙwarya. An dafa, an tsane. An ba ta ƙuli-ƙuli ta daka a ƙaramin turmi, ita ta barbaɗa, ita ta jera tumatir da albasa a kai. Da maigida ya dawo aka ce masa: "Yau kwaɗon auta za ka ci." Ya ci, ya ce Allah ya yi albarka. Wannan yarinya ba sai an roƙe ta ta ci zogale ba. Nata ne. Kuma bishiyar zogale ba ta neman fili. A bayan ɗaki, inda ruwan wanke-wanke ke gangara, reshe guda in an dasa ya kama.

Yanzu magana ta iso kan maigida da kaka, kuma a yi haƙuri da ita. Sau da yawa uwa na ƙoƙari, tsaraba ke rushe aikin. Baba ya dawo daga Funtuwa, yara sun ruga da "Baba oyoyo", ya zaro ledar minti. Kaka kuma kullum akwai alawa a ƙullin zaninta, in an yi magana ta ce: "Ku bar min jikana." Ƙauna ce, babu shakka. Sai dai yaro na koyon darasi a nan: abin da ake ba ka in ana son ka shi ne zaƙi. Haka in ana cewa "cinye tuwonka in ba ka biskit", an nuna masa tuwo wahala ne, biskit kuma lada. Tsarabar ba za ta mutu ba, a canza abin da ke cikin ledar kawai. Lemon zaƙi na ɓarewa, ayaba, kankana, dabino, rake, ko tsire in da hali. Kaka kuma ta fi kowa sanin kanya da ɗinya da magarya da goriba da garin ɗorawa, da lokacin da kowanne ke nuna. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ɗanɗana su ba. Ita ce za ta koya musu.

Kuma kada a kuskura a kira abincin gida abincin ƙauye a gaban yaro. Yana ji. In ya ga an ɓoye fura an aika a sayo lemon kwalba don an yi baƙo, ya gane wanne ne mai daraja a gidan. In ya ga babansa na shan lemo kullum bayan cin abinci, wa'azin uwa ba zai yi tasiri ba.

Jarirai kuwa nasu daban ne. Wata shida na farko nonon uwa zalla, ko ruwa ba a ƙarawa. Bayan nan a fara kunu mai kauri da abinci mai laushi, ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Kafin shekara biyun nan, a nisanta yaro da sukari da lemon kwalba gaba ɗaya. Ɗan kurɓin da ake ba jariri a wajen suna don a ga ya yamutsa fuska a yi dariya, a daina shi.

Gaskiya kuma ba ta da ɓangare: abincinmu na gida ma yana da nasa gyaran. Furar da aka danna wa sukari har cokali ya tsaya, da zoɓon da zaƙinsa ke kai wa ka, ba su fi lemon kwalba da komai ba. Alkaki da nakiya da tuwon madara na ranar biki ne. Man da aka soya awara da shi har ya yi baƙi, a zubar. Nonon da za a ba yaro ya zama an tafasa madarar kafin a kwantar. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna ko take ɗaci, kada a ce asara ce a niƙa: funfunar na fitar da dafi mai lalata hanta, mai hana yaro girma, kuma wuta ba ta kashe shi. Shayi in an sha tare da abinci yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe, abu mai tsami irin lemon tsami da tumatir da gwaiba kuwa yana taimaka masa. Ga manoma kuma, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, tare da cibiyar IITA ta Ibadan, sun fitar da irin masara mai launin lemo wadda ke ɗauke da bitamin A. Akwai kuma dankalin Hausa mai irin wannan launi a cikinsa. A tambayi malamin gona.

Kashi na biyar gajere ne, na malamai ne da hukuma.

Shugaban makaranta, na boko ko na Islamiyya, yana da iko a kan abin da ake sayarwa a ƙofarsa. Shi da ƙungiyar iyaye za su iya zama da masu talla, a ba masu ƙosai da awara da 'ya'yan itace wuri mai inuwa kusa da ƙofa, a ce a rufe abinci daga ƙuda, a hana ƙanƙarar da ba a san asalinta ba. Ba korar kowa za a yi ba, mai tebur ma zai iya sauya haja. Wasu ƙasashe da doka suka yi. Chile, a Kudancin Amurka, tun 2016 ta tilasta manna baƙin tambari a gaban duk ledar da sukari ko gishiri ko mai ya yi mata yawa, ta hana sa hoton zane mai jan yara a kanta, ta hana sayar da ita a makarantu. A Najeriya, dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari. Naira 10 a yau ba ta hana kowa saye. Shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta fara a 2016, wanda aka tsara ya riƙa sayen abinci daga manoman yanki, an dakatar da shi a farkon 2024. Yanki irin wannan, mai wake da masara da yara masu tamowa, yana da haƙƙin tambayar wakilansa inda aka kwana.

Kafin a rufe, ga abin da ba ya jiran gobe. In yaro ya rame har haƙarƙarinsa sun fito, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko ya daina sha'awar abinci da wasa, wannan ya wuce gyaran kwano. A kai shi asibiti mafi kusa a ranar. Ma'aikaci zai auna dantsensa da wani ɗan tef mai launi uku. In ya faɗa a ja, tamowa ce mai tsanani, za a ba shi abincin nan na leda mai gyaɗa da madara. Shi wannan magani ne, an auna shi daidai da nauyin yaron. Ba a raba shi da 'yan'uwa, manya ba sa lasa, ba a kai shi kasuwa. Kuma a koma awo ranar da aka ce, ko da an ga yaro ya fara murmurewa.

A nan shirin na yau ya tsaya. Sai Allah ya kai mu wani makon. Wassalamu alaikum.